Audu Bako, Gwamnan da Ya Tare Kogi Domin Talakawa

Wanda ya tsaya a kan gadar Gashuwa a ƙarshen damina, yana kallon Kogin Yobe da kwalekwalen masunta, ba lalle ne ya tambayi kansa inda ruwan nan ya fito ba. Ruwa ne mai doguwar tafiya. Wani sashinsa yakan gangaro daga tuddan Jos ta Kogin Jama'are. Wani sashin kuwa daga ƙasar Kano yake fitowa, inda Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Daga nan sai ya bi ta Wudil, ya wuce Haɗeja, ya rarrabu cikin fadamu, wani reshe ya nufi tafkin Nguru, sauran kuma su nemi hanyar Gashuwa. Shinkafar da ake ci a ƙasar Bade, da bandar kifin da ake lodi a Nguru, da ciyawar da shanun Fulani suke samu da rani, duka a kan wannan ruwa suke rataye.

A shekarar 1974 aka kammala wata babbar madatsar ruwa a kan Kogin Kano, a wurin da ake kira Tiga. Mutumin da ya tsaya kai da fata sai da aka gina ta bai taɓa mulkin Nguru ko Gashuwa ba. Duk da haka, da wuya a sami wani mai mulki na zamaninsa wanda aikin hannunsa ya shiga tukunyar gidajen wannan yanki kamar nasa. Shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko. Kanawa suna tunawa da shi da alheri har wa yau, suna kuwa da dalili. Mutanen ƙasan kogi su ma suna da abin faɗa, ya kuma kamata a ji su.

Ɗan bariki

An haifi Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne wanda ya yi shekara 36 yana aiki. Kaduna a lokacin sabon gari ne da Turawa suka kafa domin ya zama mazaunin gwamnatin Arewa, ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar sarauta irin ta Kano ko Zazzau. Yaron da ya tashi a bariki yakan tashi tare da 'ya'yan kabilu dabam dabam, Bahaushe da Babarbare da Tibi da mutumin Zuru, kowa da harshen gidansu da addininsa, amma famfo ɗaya suke ɗiba, ƙaho ɗaya yake tashe su da asuba. Irin wannan tashi yakan koya wa mutum ya auna ɗan'uwansa da aikinsa kafin ya tambayi asalinsa, kuma an ga alamar haka a yadda Audu ya zaɓi abokan aikinsa daga baya.

Ya yi makarantar gwamnati a Kaduna, ya zarce Midil ta Zariya. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda yana ɗan shekara 18. Ya yi ta hawa mataki mataki, har ya zama malami mai koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna.

A zamanin nan iri biyu ne na masu tsaron doka a Arewa. Akwai 'yan sandan gwamnati, akwai kuma 'yan doka, wato na En'e, waɗanda suke ƙarƙashin sarakuna. 'Yan doka ne suke raka masu karɓar haraji da jangali, su ne talakan ƙauye ya fi sani, su ya fi tsoro. Kafin ya zama gwamna, Audu Bako ya kai matsayin mataimakin kwamishina mai kula da al'amuran 'yan dokan En'e. Aiki ne da yake sa mutum ya san mulkin ƙasa daga ƙasa: yadda kuɗi yake fita daga aljihun manomi, da hannuwan da yake bi, da ɗan abin da yake komowa ƙauye in ma ya komo.

Sabuwar jiha

Ran 27 ga Mayu 1967, ƙasa tana bakin yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya rushe manyan jihohin nan huɗu ya kafa 12 a madadinsu. Shida suka fito daga tsohuwar Jihar Arewa. Uku daga cikin waɗannan shida 'yan sanda aka ba: Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato, Audu Bako kuwa a Kano. Nguru da Gashuwa, waɗanda suke cikin Lardin Borno, suka faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas mai babban birni a Maiduguri, a ƙarƙashin Musa Usman. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, gama a ranar ce aka ja iyaka a tsakiyar kogi ɗaya, kansa yana hannun wata gwamnati, ƙafarsa tana hannun wata. A dā kuwa Kaduna ce take duban kai da ƙafa duka.

Jihar da aka danƙa wa Audu Bako ta haɗa Kano ta yau da Jigawa, masarautu huɗu: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Ba ta da faɗin ƙasa sosai, amma ƙidayar 1963 ta ba ta mutum wajen miliyan 5 da dubu 700. A ƙauyukan da suke kewaye da birnin, gona ta riga ta ƙanƙance saboda rabon gado, ana noma ta kowace shekara ba hutu, sai ƙarfin taki. Damina wata huɗu ce ko biyar. Da an sa hatsi a rumbu sai magidanta su ɗauki buhu su tafi cin rani, su bar mata da yara da abin da ya samu. Dalar gyada tana tsaye a birni, jirgin ƙasa yana kawo wata gyadar daga Nguru tun da dogo ya kai can a 1930, amma ribarta ba ta cika kwana a gidan wanda ya noma ta ba.

Sai ran 1 ga Afrilu 1968 sababbin jihohin suka fara aiki sosai da ma'aikatunsu. Abin da ya fara nuna irin halin gwamnan shi ne majalisar da ya naɗa. Ya ɗauko Maitama Sule, tsohon ministan jam'iyyar NPC, ya zaunar da shi teburi ɗaya da Tanko Yakasai, ɗan NEPU na gaba gaba, mutanen da 'yan shekaru kaɗan kafin nan magoya bayansu ba sa ga maciji da juna. Ya kawo Aminu Dantata daga cikin 'yan kasuwa, ya ba Inuwa Dutse ma'aikatar gona. Shi ba haifaffen Kano ba ne, ba shi da gidan da zai kare ko tsohuwar gaba da zai rama, wannan kuwa ya ba shi sarari.

A shekarun ne kuma aka rage ikon En'e a duk Arewa. Kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha, gidajen yari da 'yan doka suka koma na tarayya. A Kano abin ya wuce ba tare da babbar rigima ba. Sarki Ado Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1963, shi ma tsohon Wakilin Doka ne, saboda haka su biyun sun san harshen juna. Gwamnan ya buɗe makarantu, ya matsa ƙwarai a kan ilimin 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo domin ya kwantar da hankalin iyaye. Ya gina sakatariya da hanyoyi. Ya kuma yi waɗansu ayyukan da amfaninsu ga talaka ba a bayyane yake ba, kamar otal-otal na Bagauda da Tiga, da gidan namun daji na birnin Kano, ko da yake yaran da aka taɓa kai su Gidan Zu ranar hutu ba za su yarda a kushe shi ba. Haraji kuwa ba a taɓa shi ba a zamaninsa. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi.

Yunwa da ruwa

Babban tunaninsa yana kan ruwa. Ƙasar Hausa ta san yunwa, har ta raɗa wa waɗansu suna, kamar Kakalaba ta wajen 1914. Abin da gwamnati ta saba yi in fari ya zo shi ne ta sayo hatsi ta raba, in ta yi jinkiri kuwa a binne mutane. Taimako ne na gaske, amma ranar da buhu ya ƙare shi ma ya ƙare. Audu Bako ya dubi lamarin ta wata fuska. Ruwan da yake sauka a kudancin jihar da damina yana da yawa, sai dai cikin 'yan makonni yake wucewa gabas, kogi ya koma yashi. In aka tare shi aka riƙa sakinsa kaɗan kaɗan da rani, manomi zai girbe sau biyu a shekara, ba zai tafi cin rani ba, birni kuma zai sami ruwan sha. A ganinsa, gwamnatin da ta ba talaka damina ta biyu ta fi wadda ta ba shi mudu.

Tunanin ba nasa ne shi kaɗai ba. Tun a tsakiyar shekarun 1960 masana daga Amurka sun auna ƙasa da kogunan da suke gangarawa Tafkin Chadi, daga baya wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya tsara yadda za a shayar da gonakin Kadawa. Rahotanni irin waɗannan sukan mutu a cikin kabad. Abin da yake nasa shi ne ya ɗauke su daga takarda ya kai su daji, ana cikin yaƙi, kuɗi kuwa bai yalwata ba tukuna. A 1969 aka fara madatsar Bagauda, domin a gwada noman rani a Kadawa. Da gwajin ya yi kyau sai aka shiga babban aikin, wato Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Ganuwa ce ta ƙasa, tsawonta wajen kilomita 6, tsayinta kusan mita 48, ta tara tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 180. Bayanta aka tsara waɗansu da yawa, manya da ƙanana, irin su Tomas da Jakara da Kafin Ciri da Gari da Watari, waɗanda aka kammala yawancinsu bayan ya sauka.

Ana cikin ginin Tiga sai babban fari ya auko. Daga 1972 zuwa 1974 ruwan sama ya gaza a duk bakin hamada, daga Senegal har Habasha. A arewacin Kano da arewacin Borno gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a kan hanya, mutane suka kwararo daga Nijar da abin da ya rage musu. Gwamnatoci suka raba hatsi, jama'a suka yi karo-karo. Wanda duk yake shakkar aikin gwamnan Kano a dā, farin nan ya rufe masa baki. A ƙarshen 1973 kuma farashin man fetur ya ninka har kusan sau huɗu a kasuwar duniya, baitulmali ya cika, aka daina tambayar nawa aiki zai ci. A shekarar da fari ya fara sauƙi, a cikinta Tiga ta fara tara ruwa.

Abin da Kadawa ta samu

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ko'ina ya yi fari fat da ƙurar hunturu, zai ga abin da aikin ya haifar da idonsa. Daga Kura zuwa Kadawa da Garun Malam da Bunkure ƙasa kore ce shar, ruwa yana gudu cikin magudanai ba tare da inji ba, gangara ce kawai take kawo shi daga Tiga. An tsara kashi na farko ya kai hekta 22,000. Ba a cika wannan adadi da wuri ba, amma abin da aka yi ya isa ya sauya yankin. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan yana kaiwa har Legas. Kura ta zama garin shinkafa, da masu turara ta da masu casa da masu auna ta, mata da yawa a cikinsu. Dubban gidajen da a dā suke aika maza cin rani, yanzu su ne suke karɓar 'yan ƙwadago daga wasu wurare. Birnin Kano, wanda ya ninka kansa sau da yawa tun daga lokacin, da ruwan kogin nan yake sha. Cikin shirye-shiryen rage talauci da aka yi ta kawowa a Nijeriya, kaɗan ne za a iya nuna wurinsu da yatsa bayan shekara 50 a ce ga shi yana aiki. Wannan yana cikinsu.

Amma ko a can ba kowa ne ya yi dariya ba. Tafkin Tiga ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi dubban mutane. A Kadawa aka tumɓuke ɗorawa da kuka da sauran itatuwan gona domin a baje ƙasa, aka sake yanka gonaki. Wata mai bincike, Tina Wallace, wadda ta zauna da manoman yankin a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa noman rani irin wannan yana bukatar kuɗi a hannu: na tarakta, na takin zamani, na ruwa, na ƙwadago. Wanda ba shi da su sai ya ba da hayar gonarsa ga mai hali, wani lokaci ma ya koma yi masa aiki a cikinta. Dawa kuma, wadda ita ce abincin gida, ba ta dace da tsarin ba, gama takan daɗe a gona har ta shiga lokacin shuka alkama. An shirya abin domin talaka, amma mai ɗan ƙarfi ne ya fara cin moriyarsa.

Sauka

Ran 29 ga Yuli 1975 sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon yana taro a Kampala. Murtala Muhammad, wanda shi kansa Bakano ne, ya sauke gwamnonin duka, Kanar Sani Bello ya karɓi Kano. Kwamitin da aka kafa ya binciki dukiyar tsofaffin gwamnonin ya wanke biyu kaɗai cikin 12, wato Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Audu Bako yana cikin goman da hukuncin ya hau kansu. Tarihinsa bai cika ba in an ɓoye wannan. Abin lura shi ne, hukuncin bai rage masa daraja a idon mutanen Kano ba. Sun dubi abin da ya bari a ƙasa suka yanke nasu.

Ya koma noma, nesa da hayaniyar mulki. Bai daɗe ba, ya rasu a 1980, bai kai shekara 60 ba. A 1976, tun yana da rai, gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ce ta karɓi Tiga da gonakin Kadawa daga hannun jiha. Saboda haka yawancin abin da ya faru da kogin daga baya ba a hannunsa ya faru ba, bai ma gan shi ba.

Ƙasan kogi

Kafin a fahimci abin da Nguru da Gashuwa suka rasa, sai an san yadda fadama take ciyar da mutane. A wasu wurare ambaliya masifa ce. A nan ita ce shekara. Manomi yakan shuka shinkafa da ruwan sama na fari, ta ɗan tasa, sa'an nan kogi ya cika ya malalo a hankali cikin Agusta da Satumba, shinkafar ta yi ta tashi tare da ruwan. Kifi yakan bi ambaliyar ya shiga fadama ya hayayyafa. In ruwa ya fara janyewa, masunta su kama, manomi kuma ya bi bayan ruwan yana shuka wake a kan laimar da ya bari. Bayan girbi Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa su bar taki. Mata su yanki kaba su saƙa tabarma da faifai. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuwa shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyukan da suke nesa da kogin, waɗanda mutanensu ba su ma san da shi suke sha ba. Fili ɗaya yakan ciyar da gida uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa, babu ma'aikatar da ta tsara, babu kobon gwamnati a ciki.

Madatsa kuwa aikinta shi ne ta hana wannan malalowa. A shekarun 1950 da 1960, in damina ta yi kyau, ruwa yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. A shekarun 1980 sau da yawa bai kai rabin haka ba. Gaskiya ita ce ba Tiga kaɗai ke da laifi ba, gama ruwan sama kansa ya ragu ƙwarai a shekarun nan, farin 1983 da 1984 kuwa bai bar kowa ba. Amma fari yakan zo ya wuce, ganuwa kuwa tana nan. A 1992 aka ƙara wata babbar madatsa a kan Kogin Challawa, sai ya zama an riƙe hannuwan Kogin Haɗeja duka biyu.

Sa'an nan wata matsala ta ɓullo wadda ba wanda ya yi tsammaninta. Tun da aka fara sakin ruwa da rani, hanyoyin ruwan da a dā suke bushewa wata da watanni suka daina bushewa. Ciyawar nan da ake kira kacalla, wadda bushewar ce take kashe ta, ta samu wurin zama. Ta yi kauri fiye da tsayin mutum, ta tare laka, ta toshe hanyoyin da suke kai ruwa wajen Gashuwa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata ta reshen Marma ya nufi Nguru. Aka wayi gari waɗansu ƙauyuka a wajen Nguru ruwa ya kwanta a gonakinsu shekara da shekaru, ba su iya noma, waɗansu kuwa a gabas suna duban busasshen kwari. Kacallar ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cinye gero da shinkafa. Ruwan Haɗeja da yake isa Gashuwa ya zama kaɗan ƙwarai, har Kogin Yobe ya dogara kusan ɗungum a kan Jama'are. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are, hankalin mutanen Yobe da Borno yakan tashi.

A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, mai ofishi a Nguru, da taimakon ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. Ma'aikatansa suka yi abin da ba a yi ba kafin a gina Tiga: suka ƙirga. Suka auna shinkafa da kifi da itacen wuta da fadama take bayarwa, suka gwada da abin da ake samu a manyan gonakin noman rani. A 1998 masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka buga sakamakon lissafinsu, wanda ya nuna cewa in aka aiwatar da shirye-shiryen da aka tsara a saman kogi, ribar da za su ƙara ba za ta kai kashi 20 cikin 100 na hasarar da za a yi a fadama ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Tumatirin Kadawa yana hawa mota, yana bi ta kasuwa, ana ganinsa. Kifin da mace ta dafa wa 'ya'yanta a wani ƙauyen Bade ba ya shiga littafin kowace ma'aikata, saboda haka ranar da ya ɓace ba wanda ya rubuta.

Shin za a ɗora wa Audu Bako wannan? Da sauƙi a ce ya kamata ya sani. Amma a zamaninsa duniya duka ta ɗauka ruwan da ya malala cikin fadama ruwa ne da ya lalace, masanan da aka ɗauko daga ƙetare ma haka suka ɗauka. An ba shi jiha guda ya riƙe, ya ga yunwa a cikinta, ya yi abin da ya ga zai kashe ta, ya kuwa yi da gaske, abin da ba za a faɗa a kan da yawa daga waɗanda suka biyo bayansa ba. Kuskuren da yake ciki shi ne, talakan da aka yi lissafi da shi ya ƙare a iyakar jiha, alhali kogi bai san iyaka ba. Mutanen Haɗeja ma, waɗanda suke cikin jiharsa a lokacin, sun ɗanɗana irin abin da maƙwabtansu na Nguru suka ɗanɗana.

Tun daga nan gwamnatoci suka yi ta ƙoƙarin cike gurbin. A 1990 aka fara shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwan sama, wanda aka fi sani da NEAZDP, mai mazauni a Garin Alƙali kusa da Gashuwa, da kuɗin ƙasashen Turai. Ya haƙa rijiyoyi, ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, ya ba da rancen shanun huɗa, ya raba dashen itatuwa. Turawan suka janye kuɗinsu a 1995 sa'ad da suka ɓata da gwamnatin Abacha, nauyin ya koma kan Jihar Yobe, wadda aka kafa a 1991 rana ɗaya da Jigawa. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya kawo ƙananan injinan ban ruwa a shekarun 1990. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. A 2016 gwamnatin tarayya ta shigo da biyan naira 5,000 a wata ga gidajen da suka fi talauci. Kowanne ya taimaki wani, amma ba wanda ya kai ambaliya yawan bakunan da take ciyarwa.

Sai a 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya ratsa, wato Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka amince a wani taro a Damaturu da kafa asusu ɗaya domin kula da shi daga kai har ƙafa, shekara 32 bayan an rufe Tiga. An yi ta yashe hanyoyin ruwa, ana sare kacalla, wani lokaci da injina, sau da yawa kuwa da hannun mutanen ƙauye da suke shiga ruwa har ƙirji da lauje.

A Kano sunansa yana kan sakatariyar jiha, da wata babbar hanya, da Gidan Zu, da kwalejin aikin gona ta Dambatta. Madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988 ta yi ɓarna, aka sake gina ta, otal ɗin da yake gefenta kuwa ya zama makarantar horar da lauyoyi. Tiga tana nan tsaye. A Nguru da Gashuwa yara da yawa ba su taɓa jin sunan Audu Bako ba, amma iyayensu sun san cewa yawan ruwan da zai zo musu a shekara ba ga girgije kaɗai yake ba, har da ranar da aka buɗe ƙofa a Tiga da Challawa.